Auren da ya kai jihar Virginia gaban Kotun Ƙoli: abin da fim ɗin Loving ya nuna da abin da ya bari

Duk wanda ya zauna kallon fim ɗin Loving, wanda Jeff Nichols ya rubuta kuma ya ba da umarni a 2016, yana jiran ya ga lauyoyi suna ta da jijiyar wuya a gaban alƙalai, to zai tashi bai ƙoshi ba. Shari'ar da ta rusa dokokin hana aure tsakanin farar fata da baƙar fata a Amurka, 'yan mintoci kaɗan aka ba ta, can wajen ƙarshe. Sauran fim ɗin, wanda ya ɗan haura awa biyu, birkila ne da matarsa: shi yana jera bulo yana gyaran mota, ita tana guga tana leƙen hanya ta taga. Da gangan daraktan ya yi haka, kuma ya yi kyau. Sai dai mai kallo zai iya gamawa yana ganin muguntar wani ɗan sanda ce da taurin kan wani alƙalin ƙauye suka jawo komai, alhali dokar da ta kama mutanen nan biyu ta girmi ƙasar Amurka kanta, kuma maganar gado da dukiya da matsayin 'ya'ya ce ta haife ta.

Richard Loving farar fata ne, an haife shi a 1933. Mildred Jeter, wadda aka haifa a 1939, tana da jinin baƙaƙen fata da na Indiyawan Amurka, wato mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar. Dukansu 'yan Central Point ne, wani ƙaramin ƙauye a gundumar Caroline ta jihar Virginia, inda baƙi da fari suka daɗe suna noma tare, suna cuɗanya fiye da yadda aka saba gani a kudancin Amurka. Richard abokin yayyen Mildred ne, ta nan aka saba. Da ciki ya shiga, sai suka hau mota suka tafi birnin Washington, inda doka ba ta hana ba, aka ɗaura musu aure ranar 2 ga Yunin 1958. Suka dawo gida, suka sa takardar shaidar auren a firam suka rataye a bangon ɗakin kwana.

Bayan mako biyar, cikin watan Yuli, wajen ƙarfe biyu na dare, shugaban 'yan sandan gunduma Garnett Brooks ya faɗa ɗakin da yaransa, suka haske su da tocila suna kwance. Ya tambayi Richard wace ce wannan. Mildred ce ta amsa cewa ita matarsa ce. Richard ya nuna takardar da ke bango, Brooks ya ce wannan ba ta da amfani a nan. Aka kulle su a garin Bowling Green. Richard kwana ɗaya ya yi aka ba da belinsa, ita kuwa mai juna biyun aka bar ta ta ƙara kwanaki a ciki.

Laifi biyu dokar jihar ta tanada domin irinsu. Na farko shi ne auren kansa, wanda hukuncinsa ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyar ne. Na biyu kuma tsallake iyakar jiha don a yi auren a wani wuri sannan a dawo a zauna. Wato masu rubuta dokar sun riga sun hango dabarar zuwa Washington sun toshe ta. Ranar 6 ga Janairun 1959 ma'auratan suka amsa laifi a gaban alƙali Leon Bazile, ya yanke musu ɗaurin shekara guda, sannan ya jingine hukuncin bisa sharaɗin su bar Virginia, kada su sake shigowa tare har tsawon shekara 25.

Korar nan da alƙalin ya yi musu ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Tun 1691, lokacin Virginia tana ƙarƙashin sarautar Ingila, majalisarta ta zartar cewa duk farar fatar da ya auri baƙi ko ruwa-biyu ko Ba'indiye, a kore shi daga ƙasar cikin wata uku, korar har abada. Amma dokar da ta fi wannan bayyana manufar abin ita ce ta 1662. A dokar Ingila ɗa mahaifinsa yake bi. Masu gonakin tabar Virginia suka juya abin, suka ce ɗa matsayin uwarsa zai bi: in uwa baiwa ce, ɗanta bawa ne, ko da kuwa ubangidan ne ya haife shi. Wanda ya yi karatun fiƙihu zai ga bambancin nan take, domin a shari'ar Musulunci ɗan da ubangida ya haifa da ƙwarƙwararsa ɗa ne kamar kowane ɗa, yana ɗaukar sunan uba, yana cin gado, har sarauta yana ci, kuma ita uwar ba a sayar da ita. A Virginia kuwa mutum yana iya haihuwar ɗa da baiwarsa, ya lissafa shi cikin dukiya, ya kai shi kasuwa in bashi ya matsa.

Idan aka haɗa dokokin nan biyu sai a ga inda gizo ke saƙar. Kwanciya tsakanin farin namiji da baƙar mace ba ta taɓa tsayawa ba a kudancin Amurka, launin fatar miliyoyin baƙaƙen ƙasar ma ya isa shaida. Abin da aka ƙi shi ne ɗaurin aure, domin aure ne ke mayar da mace matar gida mai haƙƙi, ya mayar da yaro ɗan halak mai gado. Ta hanyar aure gona da gida da suna za su iya tsallakawa daga hannun fari zuwa hannun baƙi. Strom Thurmond, sanatan South Carolina da ya yi suna wajen kare wariyar launin fata, yana da 'ya da wata baƙar yarinya mai aikatau a gidan iyayensa, an haife ta a 1925, ba a bayyana ba sai bayan rasuwarsa a 2003. Babu ɗan sandan da ya taɓa haska shi da tocila. Da Richard ya ajiye Mildred a gefe yana zuwa yana dawowa ba aure, mai yiwuwa da haka zai ƙare rayuwarsa ba wanda ya kula. Fim ɗin ya taɓo wannan a wani zama da abokai a mashaya, inda wani abokinsa baƙi ya gaya masa cewa shi fa yana da mafitar da su ba su da ita: ya sake ta kawai, ya koma farar fatarsa.

Mu ma nan ana hana aure saboda asali, ana cewa gidan wane ba sa aurar wa gidan wane, kuma abin yana cin rai. Sai dai wannan dangi ne ke yi, ba gwamnati ce ke turo 'yan sanda cikin dare ta kai mata da miji kurkuku ba.

Dokar da aka yi amfani da ita kan Richard da Mildred sabon zubi ce ta 1924, dokar kare tsarkin jinsi. Shekarun nan ne wasu malaman jami'a da likitoci a Amurka suka rungumi aƙidar gyaran iri, wai a tace ɗan'adam kamar yadda ake zaɓen irin shuka. A shekarar ce kuma jihar ta yi dokar da ta ba asibitocin gwamnati damar yi wa waɗanda aka kira masu raunin hankali aikin hana haihuwa ba da yardarsu ba. Dokar tsarkin jinsin ta raba mutane gida biyu kacal, fari da mai launi, ta ce fari shi ne wanda ba shi da ko ɗigon wani jini. Nan take matsala ta taso. Manyan gidajen Virginia, masu kuɗi da mulki, sun daɗe suna alfaharin cewa su jikokin Pocahontas ne, 'yar sarkin Indiyawan da ta auri Bature John Rolfe a 1614. In aka bi dokar yadda take, su kansu sun fita daga sahun farare. Sai aka saka togaciya: wanda jinin Indiyawa a jikinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma sha shida ba, fari ne. Dokar da aka ce kimiyya ce ta haife ta, ga shi an yanka mata riga daidai wuyan masu gari.

Wanda ya riƙe wuƙar aiwatarwa shi ne Walter Plecker, likitan da ya shugabanci ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na jihar daga 1912 zuwa 1946. Ya yi imani babu sauran Ba'indiye na gaskiya a Virginia, duk baƙaƙe ne masu neman ɓuya. Ya riƙa sauya abin da aka rubuta a takardun haihuwar mutane, yana aika wa akawun gundumomi jerin sunayen dangogin da ya ce a sa musu ido. Wannan tarihi ne ya sa maganar asalin Mildred ba ta da sauƙi kamar yadda fim ɗin ya ɗauke ta. A takardar aurensu Ba'indiya aka rubuta ta, kuma a ƙarshen rayuwarta ta fi danganta kanta da ƙabilar Rappahannock. Fim ɗin ya gabatar da ita a baƙar fata kawai ya wuce. A ganina nan ya yi asara, don ƙasar da ɗigon jini ke yanke wa mutum makarantar da zai shiga da wanda zai aura, abin da mutum ya kira kansa ba ƙaramar magana ba ce.

To me ya sa Kotun Ƙoli ta kai 1967 ba ta taɓa waɗannan dokoki ba, bayan tun 1954 ta haramta raba makarantu a shari'ar Brown? Dalili biyu ne, ɗaya na shari'a, ɗaya na tsoro. Na shari'ar shi ne wani hukuncin 1883 a ƙarar Pace da jihar Alabama, inda kotun ta karɓi hujjar cewa tunda fari da baƙi hukunci ɗaya ake yi musu in an kama su tare, to babu wariya. Da wannan hujja jihohi suka yi ta fakewa shekara tamanin. Na tsoron kuma ya fito fili a 1955, lokacin da ƙarar Naim ta iso gabanta daga Virginia ɗin dai: wani Basine ma'aikacin jirgin ruwa da farar matarsa, waɗanda suka je North Carolina suka yi aure. Kotun jihar ta soke auren, tana cewa haƙƙin gwamnati ne ta hana gurɓatar jini. Alƙalan Kotun Ƙoli suka nemi wata 'yar hujjar ƙa'ida suka zame. Masu adawa da haɗa makarantu babban abin da suke tsorata jama'a da shi shi ne, yau an haɗa aji, gobe a haɗa gado. A shekarar ce aka kashe Emmett Till, yaro ɗan shekara 14, a Mississippi kan zargin ya yi wa farar mace magana. Alƙalan suka ga in suka taɓa aure a lokacin, hukuncin makarantun ma zai iya rushewa. Hatta ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙaƙe ba su sa batun a gaba ba, ƙuri'a da aiki da makaranta suka fi damun su. A 1958, shekarar auren, binciken ra'ayin jama'a na Gallup ya nuna kashi 4 cikin 100 kacal ne ke goyon bayan irin wannan aure.

Zaman Washington bai karɓi Mildred ba. 'Yar ƙauye ce da ta saba da fili da dangi, ga 'ya'ya uku, Sidney da Donald da Peggy, ba wurin wasa sai bakin titi. Ana cikin haka mota ta buge Donald, Allah ya sa da sauran kwana. A 1963 ta ɗauki biro ta rubuta wa Antoni Janar na ƙasa Robert Kennedy wasiƙa, aka tura ta ga ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU, wadda ta miƙa maganar ga wani matashin lauya Bernard Cohen, daga baya Philip Hirschkop ya shigo. Abin da take nema bai wuce a bar su su koma gida ba.

Lauyoyin sun tarar da ƙofa a rufe. Mutanen sun amsa laifi da bakinsu, lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce da shekaru. Sai Cohen ya koma wurin Bazile ɗin a Nuwamban 1963 ya roƙe shi ya soke hukuncinsa, ya san ba zai soke ba, amma ƙin sokewar ne zai buɗe hanyar zuwa sama. Alƙalin ya yi kunnen uwar shegu fiye da shekara, sai da aka kai maganar kotun tarayya sannan ya amsa a Janairun 1965. A amsar ne ya rubuta cewa Allah ya halicci jinsuna fari da baƙi da rawaya da Malay da ja, ya ajiye kowa a nahiyarsa, kuma rabawar da ya yi ta nuna bai nufi su cakuɗu ba. Bai tsaya ya tambayi kansa wa ya kawo Bature nahiyar jajaye ba, ko wa ya ɗauro baƙi a jirgin ruwa ya kawo shi. Wannan rubutu kyauta ce ga lauyoyin, domin ya faɗi abin da lauyoyin gwamnati ke ta ƙoƙarin lulluɓewa. Kotun ƙolin jihar ta tabbatar da dokar a Maris na 1966, hanya ta buɗe.

An saurari ƙarar a Kotun Ƙoli ranar 10 ga Afrilun 1967. Lauyan Virginia ya zo da tsohuwar hujjar hukunci iri ɗaya, ya ƙara da cewa tsara aure hurumin jiha ne kamar yadda take hana auren muharramai da na ƙananan yara, sannan ya ce 'ya'yan irin wannan aure wahala suke sha. Hirschkop ya ce waɗannan dokokin bauta ne tsagwaronsu. Cohen kuma ya sauko da maganar ƙasa: mutanen nan suna da haƙƙin su kwanta da sanin cewa in ba su farka ba 'ya'yansu za su gaje su. Richard da Mildred ba su je kotun ba. Saƙon da Richard ya ba Cohen shi ne ya gaya wa kotu yana son matarsa, kuma ba adalci ba ne a hana shi zama da ita a Virginia.

Ranar 12 ga Yunin 1967 alƙalai tara suka yanke hukunci baki ɗaya, Alƙalin Alƙalai Earl Warren ya rubuta. Inda ya kama jihar shi ne nan: in da gaske tsarkin kowane jinsi ake karewa, me ya sa baƙi zai iya auren Basine ko Ba'indiye ba wanda ya ce uffan, sai in fari ya shigo? Ashe jini ɗaya ake gadi, kuma manufar ita ce ɗorewar fifikon farar fata. Ya ce dokar ta saɓa wa gyara na 14 na kundin tsarin mulki, wanda aka yi a 1868 bayan yaƙin basasa, ta fuska biyu: daidaito a gaban doka, da 'yancin da ba a ƙwace wa mutum sai bisa ƙa'ida. Aure, in ji shi, yana cikin haƙƙoƙin asali na ɗan'adam, kuma auren wani jinsi ko ƙin aurensa zaɓin mutum ne, jiha ba ta da ta cewa. Hukuncin ya kashe dokokin jihohi 16. Washegari Shugaba Lyndon Johnson ya gabatar da sunan Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da zai zauna a kotun.

A fim ɗin, duk wannan ta wayar tarho ya iso. Mildred ta ɗauka, ta saurara, ta leƙa waje inda Richard ke tare da yara. Ruth Negga, wadda aka haifa a Addis Ababa, uba ɗan Habasha uwa 'yar Ailan, da ido take yin rabin wasanta, kuma rawar ta kai ta takarar kyautar Oscar. Joel Edgerton ɗan Ostareliya ya fito a Richard, mutum mai nauyin baki, kai a sunkuye, wanda kyamarar 'yan jarida ke takura wa. Nichols ya dogara ƙwarai da shirin gaskiya na Nancy Buirski na 2011 da kuma hotunan da Grey Villet ya ɗauka, waɗanda mujallar Life ta buga a 1966, har ya sake gina fitaccen hoton nan da Richard ya ɗora kai a cinyar matarsa suna kallon talabijin suna dariya. Babu duka, babu ƙona gida, babu taron masu fararen riguna na Ku Klux Klan, ƙungiyar da ke ta'addanci kan baƙaƙe. Barazanar a ɓoye take: bulo da aka naɗe da shafin mujallar aka ajiye masa a mota, ko wata mota da ta biyo shi a baya kan hanyar gona. Na fi yarda da wannan salo fiye da na finafinan da ke tara mugunta a jikin mutum ɗaya mai zare ido, don tsoron da ke hana barci ya fi kama da abin da mutanen suka rayu a ciki. Inda nake da ja shi ne, wanda bai san tarihin 1662 da 1924 ba zai fita da tausayin mutum biyu, ba tare da ya gane injin da ya niƙa dubbai irinsu ba. Masana'antar fim ɗin ma tana da nata kason: ƙa'idojin tace finafinan Hollywood sun haramta nuna soyayyar fari da baƙi har zuwa 1956.

Richard ya gina wa iyalinsa gida na bulo a Central Point kamar yadda ya yi alkawari. Shekara takwas kawai ya ƙara bayan hukuncin: a 1975 wani direba da ya sha ya bugu ya daki motarsu, ya rasu yana da shekara 41, Mildred ta rasa idonta na dama. Ba ta sake aure ba, ta rasu a 2008.

Ra'ayin jama'a ya biyo hukuncin a hankali. Shekara guda bayansa, wajen kashi 20 cikin 100 ne kawai ke goyon baya a binciken Gallup, amma a 2021 adadin ya kai 94. Cibiyar Pew ta ce a 1967 kashi 3 cikin 100 na sabbin aure ne ke tsakanin jinsi daban-daban, a 2015 ya kai 17. Takardun doka kuwa sun fi jan ƙafa. South Carolina sai 1998 ta goge haramcin daga kundinta, Alabama sai 2000, kuma a ƙuri'ar raba gardamar da aka yi wajen kashi 40 cikin 100 na masu zaɓe cewa suka yi a bar shi, duk da ba ya aiki. A Virginia kanta, masu neman lasisin aure sun ci gaba da cike gurbin da ke tambayar jinsinsu har 2019, lokacin da wasu masu shirin aure suka kai ƙara, wani alƙalin tarayya ya ce tilasta amsa tambayar ya saɓa wa tsarin mulki.